Asibitin da ya ciro wa mesarmu ƙwan da ya maƙale: likita sai godiya, teburin waya sai haƙuri

A garinmu na arewacin Ingila asibitocin dabbobi sun fi a ƙirga, amma kare da kyanwa da zomo suka sani. Mai maciji in dabbarsa ta kwanta ciwo sai ya yi tafiya. Mu ma haka muka yi a watan Yuni, bayan mesarmu ta saka ƙwai huɗu, biyu kuma suka tsaya mata a ciki. Ba zan kama sunan asibitin ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Likitar da ta duba ta ta san aikinta, ko gobe wani abu ya taso wurinta zan koma ba tare da na yi shawara da kowa ba. Teburin karɓar waya da tsarinsu na dare kuwa, a nan ne mutum zai iya rasa dabbarsa. Kuɗin ma ba na wasa ba ne.

Ni ungozoma ce. Na yi aikin ɗakin haihuwa a Zariya kafin mu taho nan, har yanzu kuma shi nake yi. Mesar asali ta babban yarona ce. Da ya tafi jami'a aka ce ba a shiga ɗakin ɗalibai da dabba, sai ta dawo hannuna, da ita da ɓerayenta na cikin firiza. Tun daga ranar Yaya da ke gida take ce mini gardiya, ta kuma rantse ko ta samu biza ba za ta kwana a gidana ba. Ba irin ƙatuwar mesar fadama mai haɗiye akuya ba ce. Ƙarama ce, ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kai a tsakiya. Masana na ce mata Python regius. 'Yar yankinmu ce ma: daga Togo da Benin da Ghana aka daɗe ana fitar da su zuwa Turai da Amurka, mafarauta su haƙo mata masu ciki da ƙwai daga ramuka da shuri, a ƙyanƙyashe a gona, a tura 'ya'yan da takardun izinin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji. Irinta ce ake girmamawa a ɗakin bautar mesa na garin Wida a Jamhuriyar Benin. Tamu dai a nan aka ƙyanƙyashe ta, sunanta Asabe.

Yaron ne ya haɗa ta da namijin wani abokinsa a lokacin hunturu. Masu kiwo ba sa haɗa mace sai ta kai kamar shekara 3 da nauyin giram 1,500, Asabe kuwa ta wuce duka biyun. Ya manna mini takarda a jikin kejin da abubuwan da zan sa wa ido, kuma komai ya zo a kan tsari. Ta daina cin abinci, ta koma gefen sanyi tana nannaɗe kwanon ruwa. Wata rana tsakiyar jikinta ya kumbura sosai, washegari ya saɓe. Lokacin ke nan da ƙwayayen ke barin ma'ajiyarsu su shiga bututun ƙwai. Bayan kamar mako uku ta yi saɓa. Daga wannan saɓar ake fara lissafi, kwana 30 ko kusa da haka sai ƙwai. Irin wannan mesa takan saka tsakanin 4 da 8, a zama ɗaya take gamawa cikin 'yan awoyi, sannan ta tattara su ta nannaɗe ta yi kwanci.

Ranar Juma'a da na dawo daga aiki na ɗaga murfin maɓoyarta, sai ga fararen ƙwai huɗu manne da juna. Amma ba ta rufe su ba, rabin jikinta na waje a miƙe. Mesar da ta gama saka ƙwai fayau take zama, ƙasan jikinta ya shafe, fata ta yi laƙwas har ana ganin tudun ƙashin baya. Asabe kuwa akwai ƙullutu kamar faɗin tafin hannu sama da mafitarta, da wani a bayansa. Can sai ta ɗaga wutsiya ta yi yunƙuri, babu abin da ya fito, ta huta, ta sake. Wanda ya yi shekaru yana tsaye a kan mata suna kan gwiwa ya san bambancin hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo da naƙudar da ta tsaya.

Na fara kiran asibitin unguwarmu. Sun yi mini gaskiya, suka ce ba sa duba maciji, suka ba ni lambar wannan. Wata budurwa ce ta ɗauka, ta ce layin likitar dabbobi masu jan ciki ya cika sai Talata. Na ce mata ƙwai ne ya maƙale. Ta tambaye ni ko dabbar na cin abinci. Na ce ta yi watanni ba ta ci ba, kuma haka ya kamata ga mai ciki. Ta ce to tunda ba yau abin ya fara ba, Talata ta yi. Ban ga laifin yarinyar ba, takardar tambayoyin kare da kyanwa take bi. Laifin na masu asibitin ne. Wurin da ke tallata cewa yana duba macizai ya kamata ya koya wa mai ɗaukar waya kalmomi uku ko huɗu waɗanda da zarar ta ji su za ta miƙa wa nas wayar. A ɗakin haihuwa ko magatakarda ya san in aka ce jini ko jijjiga ba a cewa a dawo jibi. Sai da na gaya mata ni ma'aikaciyar lafiya ce, na roƙe ta ta rubuta maganata yadda na faɗa ta kai ciki. Kafin su tashi nas ta kira ni, ta ce in turo hotuna da ɗan bidiyo. Da ta gani ta ce in zo da safe, in bar zafin kejin yadda yake, in tsoma ta a ruwan ɗumi marar zurfi na minti 20 in ta yarda, kada kuma in matsa cikin ko da wasa.

Na ce in abin ya rikice da dare fa? Ƙa'idar hukumar likitocin dabbobi ta Birtaniya, RCVS, ta wajabta wa likita ya tanadi taimakon gaggawa na awa 24, amma ta yarda a ba wani wuri kwangilar daren. Haka suka yi. Lambarsu ta dare wani asibiti take kai mutum can nesa, kuma nas ɗin ta gaya mini ƙarara ba lallai in tarar da wanda ya taɓa riƙe maciji a can ba. Iyakar abin da za su yi maganin zafi da ƙarin ruwa. Na gode mata da ba ta yi mini rufa-rufa ba, amma wannan giɓi ne babba.

Da safe na sa ta a rigar filo na ɗaure baki, na sa cikin akwatin roba tare da kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tawul. Ɗakin jira ɗaya ne ga kowa, karnuka na haushi, ƙofa na buɗewa iska na shigowa. Nas ta leƙo ta gan ni, ba ta ce komai ba ta karɓi akwatin ta kai shi ɗakin da suke kwantar da masu jan ciki. Daga baya na leƙa ɗakin. Kowane keji da ma'aunin zafinsa, farar takarda a ƙasa, babu wari. Wannan ya fi kwantar mini da hankali a kan takardun shaidar da suka jera a bango.

Likitar baturiya ce, tsarata, ba mai yawan fara'a ba. Ta daɗe tana tambaya kafin ta kai hannu ga mesar. Nawa ne zafin gefen ɗumi, nawa ne na gefen sanyi. Na ce digiri 32 da 26. Nawa ne danshin. Akwai akwatin saka ƙwai da jiƙaƙƙiyar gansakuka a ciki ko babu. Yaushe ta kumbura, yaushe ta yi saɓa, nawa ta auna kafin barbara, cikin fari ne ko ta taɓa yi. Takardar yaron ta amsa kusan duka, ta ma ɗauki hotonta. Ta tambayi launinta na gado, domin a cewarta akwai launin da masu kiwo ke kira Desert wanda matansa suka yi ƙaurin suna wajen baragurbi da maƙalewar ƙwai, har mutane suka daina haɗa su. Asabe launin daji ce, babu ruwanta da wannan.

Sannan ta yi mini bayanin da tun ina ɗaliba nake jin irinsa: ko dai hanya ce ta toshe, ko abin da ke bin hanyar ne ya yi girma, ko kuwa ƙarfin turawa ne babu. Ƙwai na iya yin girma fiye da kima, ko ya zo a karkace, ko biyu su manne, ko ya liƙe da bangon bututu. Bututun na iya ƙuntata saboda tsohon tabo ko ciwon ƙwayoyin cuta, ƙashin baya na iya lanƙwashewa ya tokare. A ɗaya ɓangaren kuma hanya a buɗe take, mesar ce ta gaza: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, ƙarancin kalsiyam, rashin wurin da za ta natsu ta saka, ko teɓa. Ta ce macizan gida da yawa suna rayuwa a akwatin da ba sa iya miƙewa, ana ba su abinci fiye da na daji, kitse ya taru naman jiki ya saki, ranar da ake bukatar yunƙuri babu shi. Aikin farko shi ne a san wane ɓangare ake, domin maganin wannan yana iya kashe wancan.

Ta bar mesar ta ratsa tsakanin yatsunta a hankali, babban yatsa a ƙarƙashin ciki, babu matsi. Ta ce biyu ne, kuma na ƙasa ya fi faɗi. Aka yi hoton eksire. Ƙwan maciji ba shi da ɓawo mai tauri irin na kaza, fata ce mai taushi kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare, don haka ba ya fitowa fari tas a hoto, inuwa ce kawai. Duk da haka hoton ya nuna girmansu, ya kuma nuna ƙashin baya lafiya lau. Sikanin ne ya faɗi sauran. Ta juyo mini da allon muka kalla tare: na ƙasa dogo ne mai ƙusumbi a gefe ɗaya, cikinsa har yanzu ruwa-ruwa, na sama ya fi ƙanƙanta amma cikinsa ya fara daskarewa. Babu ruwa da ya malale a cikin ciki, wato bututu bai yage ba. Ta ɗebi jini a jijiyar wutsiya. Kalsiyam bai yi ƙasa ba, ruwan jiki ne ya ɗan ragu.

Ni da bakina na ce mata, allurar naƙuda, wato oksitosin, fa? Duk inda mutum ya duba a intanet ita ake fara ambata. Ta ce ba yanzu ba, saboda dalili biyu. Na farko, ba a tura abin da ya fi ƙarfin hanya. Wallahi a nan ta saye ni. Na ga matan da aka kawo mana cikin dare bayan wani ya rataya musu ruwan naƙuda a gida ko a bayan kemis, alhali yaro ya zo a gicciye, mahaifa ta fashe. Likitan da zai soka wa maciji oksitosin bai yi hoto ba, irin wannan gangancin yake yi. Dalili na biyu ban san shi ba sai ranar. Oksitosin ba shi ne sinadarin naƙudar masu jan ciki ba; nasu sunansa arginine vasotocin, kuma ba a sayar da shi a matsayin magani. A kunkuru oksitosin na aiki sosai, a maciji kuwa wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi, kuma in zai yi a cikin awa 48 zuwa 72 na farko ne, bayan an gyara ruwa da kalsiyam, an kuma tabbatar hanya a buɗe take.

Na tambaye ta bidiyoyin nan da ake ganin mutum ya sa babban yatsa yana murza ƙwai har ya fito. Ta ce ita ma takan yi, amma bayan an yi wa dabbar allurar barci, an zuba man santsi ta mafita, kuma ƙwan yana dab da baki. Bangon bututun siriri ne ainun. In ƙwai ya liƙe da shi, mai murzawa bututun yake turowa waje tare da ƙwan, ko ya yaga shi gwaiduwa ta zube a cikin ciki. Gwaiduwa a cikin ciki kumburi take haddasawa mai tsanani, dabbar ta yi makonni tana ramewa kafin ta mutu, mai ita kuma yana ganin ai ya ciro ƙwan lafiya.

Hanya biyu ta rage, a zuƙe cikin ƙwan da allura ya lotse ta iya turo shi da kanta, ko a yi tiyata. Zuƙar tana da wa'adi. In ƙwai ya kwana biyu ko fiye a maƙale, cikinsa na yin tauri allura ta kasa jan komai. Da na jira Talatar da aka ba ni a waya, da wannan ƙofar ta rufe. Ta rubuta mini kuɗin kowace hanya da haɗarinta, ta ce shawararta a fara da allura. Na sa hannu.

Da yake ta san sana'ata ta bar ni na tsaya a bakin ƙofa. An yi wa Asabe allurar barci mai suna alfaksalon, jikinta ya fara saki daga kai yana gangarawa zuwa wutsiya. Nas ta manna 'yar na'urar sauraren bugun jini a daidai zuciya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonta daga kai, irin wadda muke sa wa masu ciki a awo, ɗakin ya cika da sautin a hankali a hankali. Aka wanke gefen jiki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Nas ta riƙe ƙwan da yatsu biyu ta matso shi jikin fata don kada hanji ya shiga tsakani. Likitar ta nemi tsagar da ke tsakanin layin farko da na biyu na ɓawon gefen jiki, ta soka allura mai kauri, ta ja. Abu rawaya mai kauri ya fara hawa sirinji. Da ya cika ta cire sirinjin ta bar allurar a wurin, ta sa wani. Ina kallo ƙullutun ya lotsa. Kafin ta zare allurar ta tsaya ta tabbatar ba za ta ɗiga gwaiduwa a hanyar fita ba. Hannunta bai yi rawa ba, ba ta kuma yi hira ba sai da ta gama.

Na sama ba ta taɓa shi ba. Ta ce ya riga ya yi tauri, kuma mai yiwuwa in na gaba ya ba da hanya shi ma ya biyo. Suka kwantar da ita suna yi mata ƙarin ruwa. Kafin Litinin nas ta turo mini hoton abin da ya fito, baragurbi ne rawaya a tamuƙe a kan farar takarda. Na biyun bai motsa ba. A lokacin ne, da hanya ta buɗe, likitar ta gwada kalsiyam da oksitosin. Wannan ya ƙara mini yarda da ita; ba ƙin maganin take yi ba, lokacinsa take jira. Bai yi aiki ba, ba ta kuma yi ta maimaitawa ba. Tsakiyar mako aka shiga tiyata.

Ita da kanta ta kira ni da yamma, ta yi bayani dalla-dalla. An sa mata bututun numfashi ana hura mata iska, domin maciji in ya yi barcin magani yakan daina numfashi da kansa. A gefe aka yanka, ba a tsakiyar ciki ba, tunda da cikin take tafiya. Ƙwan ya liƙe da bangon bututu, sai da ta ɓamɓare shi a hankali. Da an murza shi da yatsa da bututun ya tafi tare da shi. Ta ɗinke bututun da zaren da ke narkewa, fatar kuma ta ɗinke ta bakin na kallon waje, saboda fatar maciji in an yanka ta ciki take naɗewa, in ɓawo ya haɗu da ɓawo ba ya warkewa.

Ranar sallama aka miƙo mini takardar kulawa a gida. Na karanta a tsaye. Kada a bar dabbar ta lashi ɗinki. A taƙaita fita yawo na kwana 10. A ba ta rabin abincinta da yamma. Na ɗaga kai na kalli nas, ita ma ta yi dariya ta ce ita ce kaɗai takardar da ke cikin kwamfutarsu. Ainihin umarnin da baki ta ba ni, na rubuta a bayan takardar: a cire duk abin shimfiɗa a sa farar takarda, a sauya babban kwanon ruwa da ƙarami don kada ta shiga ta jiƙa ɗinkin, a riƙe zafin kejin da ɗan yawa, allurar kashe ƙwayoyin cuta mai suna seftazidim kowace awa 72 a naman gefen ƙashin baya a kashi na gaba na jiki, yau dama gobe hagu, sirinjin a ajiye su a firiza a fito da ɗaya ya narke kafin a yi. Zare sai bayan mako 6. Abinci sai likita ta ce, kuma a fara da ƙaramin ɓera. Ni allura sana'ata ce. Amma ku ɗauki ɗan shekara 19 da bai taɓa riƙe sirinji ba, hankalinsa a tashe, a karanto masa wannan a bakin kanta a ce ya tafi. Asibitin da ya iya irin wannan tiyata bai kamata shafi ɗaya na rubutu ya gagare shi ba.

Batun kuɗi. Ganin likita fam 70. Eksire da sikanin da gwajin jini sun tasam ma fam 350. Zuƙar da allurar barci kusan fam 200. Tiyata ta haura fam 600. Da kwanciya da magunguna da dawowa dubiya, jimla ta wuce fam 1,300. Ban ce sun yi tsada fiye da aikin ba, amma ƙiyasin da aka ba ni ranar farko bai sa kuɗin kwana da na dawowa ba, sai a wurin biya na gan su. Ku tambaya tun farko. Inshorar da yaron ya yi mata ba ta biya ko sisi ba, domin a ƙananan rubutun takardar an cire duk ciwon da ya shafi hayayyafa. Mesa mai launin daji kuwa a kasuwa ba ta kai fam 60 ba. Abban yara ya yi lissafin ragunan layya nawa kuɗin za su saya a Zariya, ya faɗa mini, na ce na ji.

Zuwan cire zare ya fi kowanne amfani, domin ranar likitar ba ta cikin sauri. Ta tambayi namijin da aka aro, ko an killace shi kafin a haɗa su. Ta wannan aron ne ƙananan baƙaƙen kaskar maciji ke yawo gida-gida, da kuma cutar numfashi ta nidobairos, wadda aka fara bayyanawa a irin wannan mesa a 2014. Ta goga auduga a bakin Asabe aka tura gwaji, ya dawo babu komai. Ta ce mazan ma suna da tasu wahalar. Wasu sukan ƙi abinci duk lokacin barbara su rame. Wani kuma gabansa ya fito ya ƙi komawa; in an kawo shi da wuri da laima a jiki, ruwan sukari kan rage kumburin a mayar, in ya bushe ya yi baƙi sai yankewa. Biyu yake da su, ba kuma ta nan yake fitsari ba, don haka da ɗaya ma yana iya haihuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mace ba ta bukatar namiji kafin ta shiga wannan matsala. Tana iya ajiye maniyyi a jikinta na dogon lokaci, tana iya yin baragurbi ita kaɗai, wani sa'in ma ƙwai mai rai. A watan Yulin 2020 wata irin wannan mesa mai shekara 62 a gidan namun daji na Saint Louis a Amurka ta saka ƙwai 7, alhali ta yi aƙalla shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. Akwai kuma waɗanda ƙwayayen ke girma a ma'ajiya su ƙi saukowa su ƙi narkewa, mai dabbar yana ganin ƙiba ce. Saboda haka duk mai mace, ko da ita kaɗai ce a gidan, ya auna ta a kai a kai ya rubuta, ya kuma san inda zai kai ta tun tana lafiya. Shafin neman likita na RCVS da jerin sunayen BVZS, ƙungiyar likitocin namun daji ta Birtaniya, suna taimakawa wajen gano masu duba irin waɗannan dabbobi. In kun samu, ku yi rajista kafin bukata ta zo, ku tambayi ranakun da likitar ke aiki, domin a wannan asibitin ba kullum take nan ba, ku kuma tambayi inda lambar dare ke kaiwa.

Ƙwai huɗun nan nas ce ta gaya mini yadda zan yi da su, ba ta kuma caje ni ba. Na yi wa saman kowanne alama da fensir don kada ya juya, ban raba su ba tunda a manne suke, na sa su a roba mai murfi kan jiƙaƙƙen bamikulait, wani ɓarɓashin ma'adini mai riƙe danshi, a digiri 31 zuwa 32. In aka haska fitilar waya a jikinsu cikin duhu ana ganin jijiyoyi ja. Ɗaya ya yi funfuna ya mutu, uku suka tsaga ɓawo a watan Agusta, cikin kwana 55 zuwa 60 ɗin da aka saba. Da na nuna wa likitar hotonsu ba ta ce barka ba, cewa ta yi wa zai karɓe su. Masu launin daji sun yi yawa a ƙasar, kowace kuma tana iya yin shekara 30 a raye. Biyu sun samu gida, ɗaya na nan.

Game da Asabe, ta ce aƙalla a bar ta shekara guda cur ta huta, kuma tabon da ke bututun yana iya sa abin ya maimaitu, shawararta a haƙura gaba ɗaya. Yanzu tana ci, nauyinta na dawowa, tabon ya kusa ɓacewa bayan saɓa biyu. Yaron ya zo hutu ya karanta takardun tas, ya ce, “Umma, ai bututu biyu gare ta, ɗaya aka yanka.” Na ce masa gaskiya ne, ya fara ajiye fam 1,300 a hannuna tukuna, sannan mu yi maganar.